Ƙaho Uku a Hannun Baffa Tijani

Sansanin haƙar mai, hamadar Libiya
Watan Oktoba

Yaya Shadliya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa gare ki, ke da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Matata Rafika ta rubuto mini cewa har yau ke ce kan tukwanen bikin mutanen Safakis tun safe har la'asar, kina yi kina zagin gwiwar kamar ita ta karɓo aikin. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata lau, sai dai hasken walda da ya fara taɓa mini ido.

Na san za ki ce yau kuma wace iska ta kwaso Lutfi. Ki faɗa, na cancanta. Amma mahaifinki da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma duk dangin nan ba ni da wanda zan ɗora wa wannan kaya sai ke.

Kin ji abin da ya sami Baba lokacin zafi. Ya faɗi a gonar zaitun, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na samu hutu na zo, da aka sallame shi daga asibiti likita ya ce a kai shi gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari, inda ake musu gashin ƙashi ana koya musu tafiya. Na sa hannu na dawo bakin aiki. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. A garinmu Jabinyana ana ta faɗin wai Lutfi ya kai ubansa ajiya kamar tsohon keke.

Rafika ta je ta dubo shi, ta ce wuri tsaf-tsaf, sai dai Baba ya rame ƙwarai. To kin san Rafika, ko kurkuku aka kai ta, in dai an share tsakar gida za ta ce madalla. Ke kuwa hancinki yana jin nama ya fara juyawa tun yana hannun mahauci. Don Allah ki je musu ba sanarwa. Ki duba abin da suke ba shi, da inda yake kwana, da yadda suke masa magana in suna ganin ba kowa. In kika ce ba kyau, zan sa a fito da shi, Rafika ta riƙe shi a gida ta riƙa ba shi abinci a baki.

Ga lokacin tsinkar zaitun ya matso. Kin tuna abin da yake yi duk shekara in an tatso man fari, na farkon tsinka? Ya tsoma gurasa, ya sa wa yaro a baki da hannunsa, sannan shi ya ɗanɗana. Har na yi gemu bai daina mini ba. Abin nan ya tsaya mini a rai bana.

Motar kayan abinci ce take kawo mana wasiƙu, kuma ba ta da rana. Kada ki yi jinkiri.

Ƙanenki,
Lutfi


Safakis
Ƙarshen Oktoba

Lutfi ɗan Baffa,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Wasiƙarka ta same mu lafiya, kowa yana gaishe ka. Gwiwa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa. Ka riƙa sa gilashin aikin nan, kada ka dawo mana kana gaida ginshiƙi.

Ba don Baffa Tijani ba da sai na shanya ka, mutumin da ba ya tuna ni sai yana neman aron hanci. Amma na je, ranar Talata da hantsi, lokacin da duk gidan da ke da abin ɓoyewa bai gama ɓoye shi ba. Ban bi ta ƙofar baƙi ba. Na zagaya baya inda suke tara shara, domin a sana'armu ta nan ake gane gida. Na ɗaga murfi na leƙa. Ɓawon kabewa, kawunan kifi na ranar, ganyen albasa, ba gwangwani ko ɗaya. Ina cikin haka mai girkinsu ta kama ni da murfi a hannu.

"Hajiya, in yunwa ce ki shigo ciki, ba a nan muke rabo ba."

"Leƙen asiri na zo," na ce mata.

"To ki shigo ki yi shi a zaune," in ji ta, ta miƙo mini ludayi.

Miyar kifinta gishiri bai ji ba. Na faɗa mata, ta ce da gangan ne saboda masu hawan jini. Ban da wannan ban samu abin kushewa ba, kuma Allah shaida na nema.

Ka san warin nan na ɗakin tsohon da ya daɗe a kwance, wanda ko turaren wuta ba ya kashewa? Babu shi, kuma ba rufe shi aka yi da ƙamshi ba. Na ɗaga zanen gadon Baffa na shafa katifa, a bushe take. Na duba dugadugansa da gadon bayansa, ba gyambo, ba ko jan fata. Na duba bayan kunne da tsakanin yatsun ƙafa, wuraren da malalaci ba ya kaiwa. Fes. Har hannun da ya dunƙule ɗin an buɗe an wanke cikinsa an goge.

Daga nan na faɗa wani zaure mai ƙarafa biyu a jere, na tarar da wata tsohuwa, Lalla Janat suke ce mata, wadda ta karye a ƙugu. Tana dafe da ƙarafan, wani ƙaton ma'aikaci yana biye da ita a kan gwiwoyinsa, yana gyara mata zaman tafin ƙafa da hannu, ita kuwa tana ta ce masa ɗan banza zai kashe ta. Yana cewa, "Na gode, Lalla, saura ɗayar." Da ta kai ƙarshe mata suka rangaɗa mata guɗa. Lutfi, na yi girkin bukukuwa ba adadi, ban taɓa jin guɗar da ta ratsa ni irin wannan ba. Na tsaya baki buɗe, na ma manta faɗa na zo nema.

Yanzu ga abin da ba zai yi maka daɗi ba. Baffa ya rame, jallabiyarsa ma sai a zuba mutum biyu. Bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi, amma hankalinsa garau. Yana ganina ya ce, "'Yar Hattab mai bakin tsiya." Ramar kuwa ba hana shi abinci ake yi ba. Shi ne ya ƙi ci da hagu. An kawo masa limami ya gaya masa mai lalura ba shi da laifi, ya ce, "Na sani. Ba na so." In an kawo cokali bakinsa sai ya datse haƙora ya ce shi ba jariri ba ne. Na ce ai baƙi ne yake wa haka. Na buɗe kuskus ɗin da na taho da shi, na dunƙula da hannuna na kai masa baki. Ya juya fuska bango, bai sake kallona ba sai da na rufe kwanon. Saboda haka ka cire tunanin cokalin Rafika, ba zai karɓa ba.

Abin da ya riƙe ransa zuwa yanzu dabarar wata yarinya ce, Nabiha, mai yi masa gashi. 'Yar firit da ita, in ka gan ta sai ka ce aiko ta aka yi. Ta lura cewa in aka ɗora masa hannun dama a jikin kofi, hagu ta tallafa ta ƙasa, yana lissafa shi da dama ya sha. Da haka yake shan madara da romo da bsisa, damun garin sha'ir mai ruwa-ruwa. Amma ita da kanta ta ce mini garin sha'ir da romo ba za su tsai da namiji da ƙafarsa ba.

Ta zaunar da ni ta ce, "Hajiya, hannun nan kafin ya kwanta, wane aiki ya fi sani? Wanda yake yi ko yana hira, ba sai ya duba ba."

Na ce ƙaho mana. Ta yi sororo, 'yar birni, ita matsefin roba ta sani. Na kwatanta mata yadda ake zura ƙahonnin rago uku a yatsu, a kama reshe a tsefe shi, 'ya'yan su zubo kan shimfiɗa. Na gaya mata a zamanin Baffa in ya hau tsani, masu tsintar ƙasa biyu ba sa cim masa. Sai na ga ta juya tana kallon tsakar gida, inda suke da tsofaffin bishiyoyin zaitun sun yi nauyi da 'ya'ya.

"Ki samo mini nasa, ba sababbi ba," ta ce. "Ban yi miki alkawari ba. Na yi ta fama da yatsun nan da ƙwallo da tsinke, kallona kawai yake yi. Wataƙila su amsa wa aikin da suka saba."

Washegari na hau mota zuwa Jabinyana. Ƙahonnin suna rataye bayan ƙofar Baffa a jikin ƙusa, sun yi santsi saboda tsufa. Na dawo da su na ajiye masa a cinya. Yatsa ɗaya kawai Nabiha ta iya zura wa ranar, shi ma da ƙyar.

Ga hukuncina, tunda shi ka nema: ka bar shi a nan. Za su wahalar da shi, ta gaya mini tun yanzu, har faɗuwa da tashi za ta koya masa a kan tabarma. Amma wahalar ita ce maganin. Na zo in kama su, sai ga shi ni ce nake neman dalilin komawa.

Yayarka,
Shadliya


Safakis
Nuwamba

Lutfi,

Gaisuwa da fatan alheri, muna lafiya. A tsaye nake rubutun nan, hannuna duk albasa, ina da biki gobe. Surukin maƙwabciyata direba ne a wajenku, yanzu zai tashi, na ce ba zai tafi hannu wofi ba.

Jiya na koma. Wallahi abin da idona ya gani! Baffa a gindin zaitun ɗin gidan tun hantsi, ƙahonni a yatsu, yana musu tsinka, gumi ya jiƙa masa jallabiya sharkaf. Ƙafa ta kwashe shi ya zube ƙasa, ma'aikata suna tsaye a kansa, ba wanda ya miƙa hannu ya ɗaga shi. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Abinci dai har yanzu bai fara ci ba. Komai yana tafiya yadda na gaya maka.

Direba yana ta matsa mini ƙaho.

Shadliya


Sansanin haƙar mai
Nuwamba

Yaya Shadliya,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Ni ba zan ce ina lafiya ba.

Kin ce komai yana tafiya yadda kika gaya mini. Ba abin da kika gaya mini. Tun da na rubuta miki nake zuba ido, mota ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, ba ko layi ɗaya. Sai yau direba ya miƙo mini 'yar takardar nan mai warin albasa, na karanta ta a tsaye.

Ubana, mai shanyayyen jiki, wanda ba ya cin abinci, shi aka fitar rana yana wa mutane leburanci? Sun rasa masu tsinkar zaitun ɗinsu sai marasa lafiyar da aka ba su amana? Mutumin da a gonarsa ma shekarun baya muka hana shi hawa tsani! Ya faɗi suna tsaye suna kallo. Ke kuma, Yaya, da bakin nan naki da duk Safakis ke tsoro, kika tsaya kina kuka? Da ni ne a wurin da sai an kira 'yan sanda.

Ashe mutanen Jabinyana gaskiya suka faɗa. Ni na kai shi, ni na sa hannu.

Ba zan jira wata wasiƙa ba. Direban nan zai juyo da takardu uku: taki, da ta shugaban gidan, da ta Munsif yayan Rafika. Na umarci Munsif ya je da motarsa ranar Juma'ar da ta biyo bayan isowar saƙon, ya ɗauko Baba ya kai shi gidana. Na gaya wa shugaban ni ne ɗansa, ni na sa hannu aka karɓe shi, kuma na janye. In ya ƙi cin abinci a hannun Rafika, gara ya ƙi a kan gadonsa, a cikin mutanensa, da a ce ya mutu a gindin bishiyar wasu.

Ki taimaka ki haɗa masa kayansa. Ƙahonnin nan kuma ban san wanda ya kai musu ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Lutfi


Safakis
Disamba

Lutfi ɗan Baffa,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka. Muna lafiya, Baffa yana lafiya, ka saki ranka ka karanta a zaune.

Da farko, Allah ya isar da ka yi ta faɗo kaina, domin ni na kai ƙahonnin. Na yafe maka, tunda na gane doguwar wasiƙata ta gidan waya ba ta iso ka ba, sai guntuwar. Ni ma da na sake tuna abin da na rubuta a cikinta sai da na dafe kai. Kukan da na ce na yi na murna ne, kai sakarai. Ba su ɗaga shi ba ne domin Nabiha ta riga ta koya masa tashi, kuma shi da bakinsa ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. A gabana ya juya kan gwiwa, ya rungumi kututturen, ya miƙe. Leburancin da kake faɗa kuwa, abin da yake tsinka a yini bai cika kwanon sha ba, rabinsa ma Lalla Janat ke jifan kyanwa da shi.

Amma takardarka ta riga ta iso. Shugaban gidan ya kira ni ya ce ɗa ya yi magana, shi ba shi da ikon riƙe uban wani. Na yi masa faɗa, na roƙe shi, na sake yi masa faɗa. Ya saurare ni har na gaji, ya ba ni shayi, bai canza ba. Nabiha kuwa ta tsaya tana kallon hannun Baffa, wanda a lokacin ƙahonni ukun duka suna shiga, yana jan reshe da su, amma in an zare sai yatsun su koma su dunƙule. Ta ce mini a hankali, "Saura ƙiris, Hajiya. In ya kwanta a gida ana yi masa komai, rufewa zai yi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Munsif ya iso. Bawan Allah, sai sunkuyar da kai yake yi kamar wanda aka aiko ɗaukar gawa. Baffa yana zaune a kujerarsa gindin bishiya, na riga na haɗa jakarsa, na gaya masa kai ka ce. Rafika ta aiko da kwanon kunun alkama da cokali, wai kada ya yi tafiya da yunwa. Munsif ya durƙusa a gabansa ya ɗebo.

"Baffa, buɗe baki, ko ɗaya ne. Hanya da nisa."

Baffa ya datse haƙora.

"Haba Baffa, don girman Allah. Ka ga jirgi, ga shi nan ya taho."

Lalla Janat daga can gefe ta ce, "Kai mai tumbi, jikanka ne?"

Munsif ya ƙara matso da cokalin har ya taɓa masa leɓe. Lutfi, a nan ne abin ya faru. Hannun nan na dama da ya dunƙule tun lokacin zafi, na ga ya ɗago. Yana karkarwa, yana tafiya a hankali kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ya tsaya tsakanin fuskarsa da cokalin. Sai manuni ya miƙe. Na tsakiya ya bi shi. Sauran suka biyo, har tafin ya buɗe gaba ɗaya a gaban idon Munsif, ba ƙaho, ba mai riƙe masa.

"Tsaya," in ji Baffa.

Cokalin ya faɗi ƙasa. Na ji bakina yana ta subhanallahi ban san na fara ba. Na ga haihuwa, na ga mutuwa, amma ban taɓa ganin abu ya mutu ya dawo a gabana ba sai ranar.

Nabiha ta ruga ciki ta dawo da faranti. Ashe zaitun ɗin gidan, har da ɗan abin da Baffa ya tsinka, an kai matatsa, man fari ya dawo, ta ɓoye shi tana jiran ranar da hannun zai nuna. Kore shar, ƙamshinsa har maƙogwaro. Ta ɗora masa a kan katakon kujera da gurasa mai ɗumi, ta ja da baya. Ina tsaye bayanta, shi ya sa na ga abin da ba wanda ya gani. Ta kai hannayenta baya, ta kama wuyan hannunta ɗaya da ɗayan, ta matse har jini ya ɗauke daga yatsunta, don kada su kuɓuce mata su je taimakonsa. Ka aiko ni in gane ko gidan nan yana da kyau. Na duba shara, na duba katifa, ashe ga inda ya kamata in duba.

Ya kai hannu ya yagi gurasa, ta suɓuce ta faɗi. Munsif ya yunƙura, na taka masa ƙafa. Ya sake yagowa, ta sake faɗuwa. Gumi yana bin gemunsa. Tsakar gidan nan cike da mutane, amma ba ka jin komai sai tsuntsaye. Da ya sake, ta zauna tsakanin babban yatsa da manuni. Ya kai ta cikin man, ya ɗago tana ɗiga.

Duk mun zuba ido mu ga ta shiga bakinsa. Mutum ya yi watanni bai tauna komai ba. Sai ya tsaya da ita a sama, ya duba dama, ya duba hagu.

"Ina yaron?"

Na ce, "Yana hamada, Baffa, wajen aiki."

Man yana ta gangarowa har gwiwar hannunsa. Sannan ya kalli Nabiha.

"Ke. 'Yata. Buɗe."

Ta durƙusa ta buɗe baki, ya sa mata, rabin man ya ɓata mata haɓa. Yarinyar da ban taɓa ganin ko idonta ya yi ja ba, sai ga ta tana tauna tana shessheƙa. Loma ta biyu ya yi bismilla ya kai bakinsa. Ya ci, Lutfi. Ya ci har ya suɗe yatsa, ya ce gurasar ba ta kai ta Jabinyana ba.

Shugaban gidan yana tsaye da takardarka a hannu. Ya matso ya rusuna ya ce, "Si Tijani, ɗanka ya ce ka koma gida. Kai me ka ce?"

Baffa ya ɗaga kai ya dubi rassan da ke samansa.

"Ban gama bishiyar ba."

Munsif ya share fuska da hularsa, ya ce shi wallahi ba da motarsa ba, Lutfi ya zo ya ɗauka da kansa in ya isa. Ya koma da kwanon kunu yadda ya zo da shi. Shugaban ya ce zai dakata har ya sake ji daga gare ka, domin har yanzu sa hannunka ne. Saboda haka magana tana wurinka. Ka sani bai warke ba. Tafiya sai da ƙarfen dogarawa, hannun yana gajiya da wuri, wani lokaci da yamma ya sake dunƙulewa. Nabiha ta ce akwai sauran aiki mai yawa.

A gefensa nake wannan rubutu, kan benci, yana karyawa. Ya tambaye ni wa nake wa, na gaya masa. Maiƙon da za ka gani a ƙasan takardar ba ƙazantata ba ce. Ya tsoma babban yatsansa na dama a faranti, ya ce in matso da ita, ya danna da kansa. Ya ce rabon yaron ne.

Wannan karon duk ta hannun direba zan ba da, kuma na wanke hannu kafin in fara.

Yayarka,
Shadliya


Sansanin haƙar mai
Disamba

Yaya Shadliya,

Sallama da gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ido na da sauƙi, na fara sa gilashin.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta Oktoban ashe wani sansani aka kai ta, ta yi ta yawo har ambulan ya yi baƙi. Na karanta su a jere, na kuma sake. Allah ya isar nan na janye ta, ki yafe mini. Ki ba Munsif haƙuri, ki ce na gode da ya ƙi jin maganata.

Ga takardar shugaban gidan a ciki, ki kai masa hannu da hannu. Baba ya zauna har ya gama bishiyarsa, in ya gama su nuna masa ta gaba. Mutanen Jabinyana su faɗi abin da suka ga dama. Nabiha kuwa ban san me zan ce mata ba. Ki gaya mata tunda ta ci lomar fari daga hannunsa ta zama 'yar gida, tana da wa a hamada.

Hutuna sai bayan sanyi. Ki roƙa mini mai girkin nan ta ajiye ɗan man a kwalba, kada ya ƙare kafin in zo.

Abu na ƙarshe, kuma in kika faɗa wa Rafika ba ni ba ke. Na shiga bayan tankin ruwa inda ba kowa, na buɗe wasiƙar taki, na yi bismilla, na kai wurin yatsan bakina. Ɗanɗanon tawada ya fi yawa. Amma man yana nan, Yaya, har ya kama mini maƙogwaro. Ki gaya wa Baba yaron ya karɓi rabonsa.

Ƙanenki,
Lutfi